Lu'ulu'un Ja'e

A Gadarif na fara sanin Ja'e, cikin ƙasar Sudan, wata bakwai bayan na bar Turawa. Labarin fitata daga gida ba wani abu ba ne. Damina biyu ta ƙi, rumbu ya zama wayam, na sa ƙafa gabas kamar yadda wasu suka yi kafin ni. Muna yankan riɗi a gonar wani Balarabe, mu fiye da talatin, sai na ji wani dogon mutum a layin da ke kusa da nawa yana zagin laujensa da Hausar Kano. Na ɗago na ce, "Bawan Allah, daga ina?"

"Falgore ta Rogo."

"Ni Turawa."

Ya ajiye laujen, ya dube ni sama da ƙasa. "Kai Kaɗo, duk faɗin duniyar nan ka rasa inda za ka biyo ni sai nan?"

Na ce, "Fillo, shanunka na zo nema. An ce sun riga ka zuwa Makka."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki laujensa ya ci gaba da yanka. Sai da muka zauna cin abinci wani ya gaya mini cewa garken da ya gada daga ubansa, ciwon shanu ya share shi cikin wata guda, ko maraƙi bai bar masa ba. Na je na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ai Kaɗo ba ya magana sai ya taka wani abu. Daga ranar muka haɗa tukunya.

Ja'e yana ɗaure da wata igiya a ƙugu, ƙarƙashin riga. Dangwali ne, igiyar da ake ɗaure maruƙa, mai wuya goma. Shi kaɗai ya rage masa daga garken. Ya ce mini ba zai koma Falgore ba sai da abin da zai cika wuyan nan goma. Ya baro mata da 'ya guda wadda ta fara tafiya. Bai taɓa faɗar sunansu a gabana ba, irin kunyar Fulani. Matar "mutanen gida" yake ce mata, 'yar kuma "yarinyar nan."

Daga Gadarif muka wuce Bur Sudan, bakin teku. A nan wani dillali mai Hausa a baki, mai tabon salla a goshi, ya karɓi kuɗin jirginmu ya ce mu jira shi ranar Talata. Mun jira Talata huɗu. Muka koma dakon gishiri shekara guda cur, buhu a kan gadon baya har fata ta tsage. A nan tari ya fara kama Ja'e. Da muka sake tara abin ƙetarawa, aka zuba mu a jirgin katako tare da awaki. Kwana uku muna amai. Mai jirgin ya sauke mu a wani bakin gaɓa inda babu gida babu bishiya, ya nuna arewa da hannu ya ce Jidda ga ta nan bayan tudu. Bayan tudun wani tudu ne. Mun yi kwana biyu muna tafiya. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ta gan mu mun zube a gindin dutse, ta ajiye mana salkar ruwa da dabino cikin tafin hannu, ta koma nesa ta tsaya har muka sha. Ba mu da harshen da za mu gode mata.

A Jidda muka samu ɗaki a tsohon gari, mu tara, duk 'yan takari, babu mai igama, wato takardar izinin zama. Ɗakin ba shi da taga, ƙwan lantarki ɗaya ne a rataye, mai jan haske. Ja'e ya samu aiki a kasuwar tumaki. Ni kuwa shara nake yi a layin masu sayar da kayan ado, in share ƙofar kowane kanti a ba ni abin da aka ga dama.

Wata safiya ina shara sai na ga wani ɗan abu fari ya gangara daga ƙarƙashin tsintsiya, bai kai ƙwayar gujiya ba. Na ɗauka na shiga kantin da ke kusa na miƙa wa mai shi. Tsoho ne Bayamale, wato Balaraben wata ƙasa maƙwabciya, siriri, ana ce masa Ammu Salim, wato Baffa Salim. Ya karɓa, ya dube ni, ya dubi abin, ya sake dubana. Ya ce in zauna. Ya zuba mini shayi da hannunsa. Washegari ya ce in bar sharar layi, in riƙa zuwa kantinsa.

Shekara huɗu na yi a wurinsa. Ni da ban taɓa ganin lu'ulu'u ba sai a bakin masu wa'azi, sai ga shi ina goge akwatunansa. Ya nuna mini cewa daga cikin wani abu mai kwanso yake fitowa, irin makankarin da muke tsinta a bakin rafi, sai dai na teku. Yana da rariya ta tagulla guda bakwai, kowace da girman hudarta, da su yake ware manya da ƙanana. Da Larabcina ya ɗan yi ƙwari sai ya fara koya mini, ba don zan zama ɗan kasuwa ba, don dai tsoho ne mai son magana kuma 'ya'yansa ba sa son sana'ar.

Ya ce, "Ya Haruna, abu na farko, ba a sayen lu'ulu'u a ƙarƙashin fitila. Fitila maƙaryaciya ce. Ka fito da shi hasken safe."

Sai ya shimfiɗa jan ƙyalle a bakin ƙofa, ya gangara ƙwaya ɗaya a kai. In ta tafi sumul, zagayayya ce. In ta yi ɗingishi, kuɗinta ya ragu. Ya sa in kawo ta kusa da ido. Ya ce in na ga fuskata a ciki can ƙasa, kamar mai leƙa rijiya, to mai rai ce. In fara ce fat kamar alli, matacciya ce, ko da ta gaske ce kada in saya. Ya sa in ɗauka in ji sanyinta a tafin hannu kafin jiki ya ɗumama ta, in ji kuma nauyinta. Ya nuna mini bakin huda: ta ƙarya fentinta yakan ɗaye a wurin. Ya nuna mini yadda ake ƙulli tsakanin ƙwaya da ƙwaya da zaren siliki, don kada su goge juna, kuma in zare ya tsinke ɗaya ce za ta faɗi.

Ya ce, "In ka ga sarƙa duk ƙwayoyinta iri ɗaya, babu wadda ta fi wata, ka yi shakka. Inji ne yake yin abu iri ɗaya."

Na ƙarshe shi ne haƙori. Ya ce in goga ƙwayar a hankali a bakin haƙoran gaba na sama. Ta gaske za ka ji ta da ƙasa-ƙasa, kamar tuwon da ba a rege geronsa da kyau ba. Ta kwalba ko ta roba santsi take yi, ta zame. Ya ce ido yana ruɗuwa, hannu yana ruɗuwa, amma bai taɓa ganin an ruɗi haƙori ba. Yana da aljihun tebur guda cike da na ƙarya, waɗanda yake sayar wa alhazai masu neman tsaraba, kuma yakan gaya musu na ƙarya ne. Sai ya cakuɗa mini su da na gaske, ya ce in ware ido a rufe. Har na kai ba na kuskure. Yakan kira maƙwabtansa su zo su ga Batakarinsa.

Shi kuwa Ja'e yana can yana tarawa. Ba ya shan shayi da madara, ba ya sayen sabuwar riga. Abin da ya samu sai ya naɗe a tsumma ya ɗaure a jikin dangwalin. Abin da yake hana shi sukuni shi ne kame. In aka kama mutum ba igama, da rigar jikinsa ake mayar da shi, kuɗin takarda kuwa ba su cika tsira daga hannun masu bincike ba. Mun ga wani mutumin Gwarzo da ya yi shekara tara yana wankin mota, aka ɗauke shi da soso a hannu.

Wata Juma'a Ja'e ya biyo ni kanti. Ya tsaya yana kallon ƙwayoyin a kan jan ƙyalle. Ya ce, "Kaɗo, tambayar mini tsohon nan, wannan ƙwan ƙadangaren saniya nawa ne?"

Na fassara. Ammu Salim ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce in gaya masa abin da ya tara ba zai sayi sarƙa mai kyau ba, kuma shi ba zai sayar masa da mara kyau ba, ya ci gaba da haƙuri. Daga nan suka saba. In Ja'e ya zo, tsohon yakan tambaye shi labarin shanu, ni ina tsakiya ina juya magana. Ashe shi ma ubansa raƙuma ya yi kiwo, fari ya cinye su.

Sai shekarar da yaƙi ya matso, aka ce Yamalawa su tattara su koma ƙasarsu. Aka ba su 'yan makonni. Ammu Salim, mutumin da ya yi shekara arba'in a layin nan, na ga yana sayar da akwatunansa na gilashi a kuɗin katako. Maƙwabtan da suke shan shayinsa suka zo suna taya kayansa kamar masu taya mushe. Ya ce mini aiki ya ƙare, ya sallame ni da alheri. Muka yi shawara da Ja'e cewa mu ma lokacin komawa ya yi.

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu.

Na riga na sauke farali shekara biyu kafin nan, amma ban sa haƙorin Makka ba. Na ce a raina, yaya zan shiga Turawa bayan shekara bakwai, in ce na je Makka, in buɗe baki a ga babu shaida? Na ce wa Ja'e zan je Makka kwana uku in dawo.

Ya ce, "Haƙorin za ka ci in ka koma? Ko shi za ka shuka?"

"Kai dai Fillo baƙin ciki kake yi. In na yi murmushi a kasuwar Karaye sai an rufe ido."

"A rufe ido dai, don muni."

Mai sa haƙorin ya tambaye ni guda nawa. Mutane ɗaya suke sawa, a gefe. Ni na ce biyu, na gaba, na sama, inda kowa zai gani. Ya goge su da abin gugarsa, ya kwafa musu azurfa. Na yi ta kallon madubi.

Da na dawo Jidda na bi ta layin, na tarar da kantin a rufe, an cire allon. Aka ce motar da za ta kai su iyaka ta zo tun jiya da safe. Na wuce ɗaki bayan magariba. Mutanen ɗaki suka taso da "Alhaji, Alhaji, a yi mana murmushi." Ja'e yana zaune a kan tabarmarsa, fuskarsa a sake, yadda ban taɓa ganinta ba. Ya ce tsohon ya aiko nemana kafin ya tafi, bai same ni ba, sai ya sa aka kira shi. Tsohon ya ce masa ya kawo duk abin da ya tara. Ya karɓa ko dubawa bai yi ba, ya ba shi wannan. Da hannu da 'yan kalmomi ya gane cewa tsohon yana cewa ya kai Kano, wurin waɗanda suka sani, kada ya sayar wa na farko da ya taya, kuma zai cika igiyarsa har ya nemi wata.

Ya ɗaga riga ya kwance wani tsumma daga jikin dangwalin. Sarƙa ce, ƙwaya arba'in da ɗaya.

Ya ce, "To gwani, duba mana. Ka gaya wa mutanen nan yau Ja'e ya koma mai shanu."

Duk suka matso. Na karɓa. Na ji ta da ɗumi, babu sanyin da na sani. Ban tuna cewa kwana biyu ta yi a jikin fatarsa ba. Na ɗaga ta ƙarƙashin ƙwan lantarki, na ga ta yi ja-ja, ban ga fuskata ba. Na bi ƙwayoyin da ido, na ga kamar an zuba su daga inji, kowace ta yi daidai da 'yar'uwarta. Ban taɓa ganin irinta a kantin ba. Ya kamata in ce a bari sai da safe. Amma mutum takwas suna kallona, suna ce mini Alhaji, suna ce mini gwani. Na kai ƙwaya ɗaya bakin haƙoran gaba na sama, inda hannuna ya saba kaiwa shekara huɗu. Na goga.

Santsi.

Na goga ta biyu. Santsi. Ta tsakiya, babbar. Ta zame kamar sabulu.

Na ce, "Kwalba ce."

Ja'e ya ce, "Sake gwadawa, Haruna."

Tun Gadarif bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Na sake gwadawa, a kan azurfar dai. Na ce masa daga aljihun tsarabar alhazai aka ɗauko ta. Na ce tsohon ya san ba na nan, ya san mota tana jiransa, ya san ba za mu iya binsa ba. Na zagi Ammu Salim, mutumin da ya ciyar da ni shekara huɗu, na zage shi har uwa da uba. Wani ya ce a kai wani kanti a duba. Wani ya ce Batakari ba igama ya shiga kanti da sarƙar lu'ulu'u, in ta gaske ce a ce ɓarawo ne, in ta ƙarya ce a ce ɗan damfara ne, ko ta ina sai an kira 'yan sanda. Kuma me za a duba? Ba ga gwani ya faɗa ba?

Ja'e ya karɓi sarƙar ya naɗe ta a tsumman. Ya ce, "Yarinyar nan ta yi wasa da ita." Ya juya fuskarsa bango.

Ya fasa tafiya gida. Ya ce ba zai shiga Falgore da igiya ba komai ba. Kasuwar tumaki ta yi sanyi saboda yaƙin, sai ya koma dakon siminti, da wannan tarin nasa. Ya daina ce mini Kaɗo. In na tsokane shi sai ya ce, "Haka ne." Abinci ma sai na matsa. Ni ma na fasa tafiya, na bi shi wurin simintin, don ban iya barinsa ba. A can aka kama mu, wata na uku, da rana tsaka, buhu a ka.

A gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, mai bincike ya kwance tsumman ya ɗaga sarƙar. Ya tambaya mene ne. Na ce masa da Larabci, kwalba ce, ta wasan yara. Ya dubi tsummokaran jikinmu, ya jefa wa Ja'e ita.

Mu ɗaruruwa ne a ɗaki ɗaya, ana kwana a zaune. Tarin Ja'e ya koma jini. Wani mutumin Bangaladash da ba mu jin maganar juna ya riƙa ba shi rabin lemonsa kullum, yana matsa masa a baki. A kwananmu na sha tara a wurin, da hantsi, Ja'e ya kwance dangwalin, da tsumman sarƙar a jiki, ya ɗaura mini a ƙugu da hannunsa. Ya ce, "Ka gaya wa mutanen gida na yi ƙoƙari. Ka ce cuta ta aka yi, ba lalaci ba ne." Kafin azahar ya cika. Aka ɗauke shi a bargo. Ban san inda aka binne shi ba.

Na kwana biyu a Turawa na wuce Falgore. A can na ji sunayensu: matar Dije, 'yar Hansatu, ta kai shekara tara. Na tarar Dije tana surfe a gidan mutane, ana ba ta dusa da ɗan abin da ya samu. Na ba ta dangwalin da sarƙar, na faɗa mata saƙonsa kamar yadda ya faɗa. Na ƙara da nawa: na ba ta sunan tsohon, na gaya mata yadda ya yi. Ta rataye dangwalin a bango. Sarƙar kuwa ta miƙa wa Hansatu ba tare da ta dube ta ba.

Na koma gonata. Duk kaka nakan kai musu ɗan abin da ya sawwaƙa na dawa. A Turawa ana ce mini Alhaji mai azurfa, ina amsawa.

Shekara shida bayan haka, ina shan rake a kasuwar Karaye, azurfar ɗaya ta fita ta maƙale a jikin raken. Bayan mako ɗayar ma ta bi ta. Haƙoran da ke ƙarƙashin azurfar sun zama ƙanana, ko ruwan randa na sha sai sun yi mini tsami. Na bar su haka, don babu mai mayarwa a kusa.

Kakar shekarar na kai dawa Falgore da sassafe. Hansatu ta zama budurwa, tana tallan nonon wasu ana ba ta lada. Ta durƙusa gaishe ni, ƙwarya a gefenta. A jikin faifan da ta rufe ƙwaryar na ga an ɗinka ƙwaya uku don ado. Rana ta fito ta sauka a kansu. Na ga wani abu yana motsi a cikin ta tsakiya. Na matsa. Wani tsoho ne mai hula, can ƙasa, kamar mai leƙa rijiya.

Na ce, "Hansatu, miƙo mini faifan nan."

Na taɓa. Sanyi. Na kai bakina, faifan da komai, na goga a ɗan guntun haƙorin.

Ƙasa-ƙasa. Har cikin kaina na ji shi.

Na goga ta biyu, na goga ta uku. Hansatu ta ce, "Baffa, lafiya?" Na ce, "Ina sauran?" Ta ce ai tun tana ƙarama suka yanke zaren da reza, don ƙullin ya hana su zarewa. Sun yi 'yar carafke da su. Ta raba wa ƙawaye, wasu sun yi ƙaura. Wasu ƙwayoyin sun faɗa rijiya, wasu kaji sun haɗiye, wasu suna nan dai cikin ƙasar tsakar gida.

Na zauna a ƙasa. Dije ta fito daga ɗaki ta ce, "Alhaji, jiri ne?"

Da na so, da na yi shiru, babu mai sani har abada. Na gaya mata. Na faɗa mata tun daga madubin mai sa haƙori har zuwa ɗakin da ba taga. Ta saurara tana tsaye, hannunta a kan turmi.

Ta ce, "Wato ba a cuce shi ba."

"Ba a cuce shi ba. Kyauta ma aka yi masa. Abin da ya bayar bai kai rabin rabinta ba."

"Ya mutu yana zaton an cuce shi."

"E."

"Da shanun suna ɗaure a ƙugunsa ya koma ɗaukar siminti."



Ta ce, "Ni kuma shekara shida, duk asuba, ina kai ƙarar wancan tsohon wurin Allah da sunansa. Kai ka ba ni sunan."

Na ce, "Ki yafe mini, Dije."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta shiga ɗaki ta fito da rariyar tankaɗe ta ajiye a gabana. Ta ce, "A nan suka fi wasa, gindin ɗan zogalen nan."

Na yi kwana huɗu ina tankaɗe ƙasar gidan. Na samu biyu. Na haɗa da ukun na kai Kano, wurin wani Kwara, Balarabe mai sayar da kayan ado. Ban sayar wa na farko da ya taya ba, shi ne na uku. Ya sa madubi a ido, ya daɗe yana juya su a bakin taga. Ya tambaye ni ina 'yan'uwansu, don ya ce wanda ya haɗa waɗannan ya yi shekaru yana zaɓe kafin ya samu masu kama da juna haka. Na ce sun ɓata. Ya cire madubin ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Abin da ya ba ni ya sayi karsana ɗaya, 'yar ƙarama, fara mai baƙin kunne. Ni na ja ta da ƙafa daga kasuwa har Falgore.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, abin da na fara roƙon malaminmu ya koya mini bayan sunana shi ne yadda ake rubuta wasiƙa. Na rubuta wa Ammu Salim. Na gaya masa cewa ya faɗa mini a jira hasken safe ban jira ba. Wasiƙar tana cikin akwatina. Ban san garinsu ba, ban san ko yana da rai ba. Shekara huɗu ina shan shayinsa ban taɓa tambayarsa sunan ƙauyensu ba.

Karsanar ta haihu bara. Dije ta sauko da dangwalin daga bango ta ɗaure maraƙin a wuya na farko. Sauran taran suna kwance a ƙasa, maraƙin yana taka su. Duk kaka in na kai dawa, bayan mun gaisa, sai ta ajiye mini rariyar a gindin zogalen.